Ƙamshin Gas a Kan Lallena

A duk littattafan da na karanta ina budurwa, ban taɓa cin karo da amaryar da aka kai ɗakinta a mota irin tamu ba. Motocin cikin littafi baƙaƙe ne wuluk, masu duhun gilashi, idan aka buɗe ƙofa sanyi da ƙamshin turare ne suke fara fitowa kafin saurayin ya sako ƙafarsa. Tamu ruwan madara ce wadda rana ta ci ta ƙoshi, ƙirar Jamus, ta girme ni nesa ba kusa ba. Idan aka tayar da ita da safe duk layinmu a Jikwoyi sai ya sani, don ba ta iya shiru irin na motocin fetur ba. Ƙwanƙwasa take yi, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya. Dizal take sha, sai dai Baba bai taɓa kiransa da wannan sunan ba. Gas yake cewa, mu ma muka tashi muna cewa gas.

Baba direba ne. Ƙarfinsa duka a Maitama ya ƙare, a gidan wani Bature injiniya da ya zo aikin gina garin nan, ya ji daɗinsa ya zauna. Tun motar tana sabuwa da leda a kujerunta Baba yake tuƙa ta. Ranar da aka haife ni, ogan ya ba shi aronta ya ɗauko mu daga asibiti, ni da Umma. Da tsufa ya kama ogan zai koma ƙasarsu, sai ya kira Baba a gaban masu gadi da mai ban ruwan fulawa, ya damƙa masa makullin, ya ce ai dama shi ya raine ta. Baba ya sha ba mu labarin nan, kuma duk lokacin da ya zo wajen makullin sai ya dakata ya gyara zaman hularsa.

Kowane wata uku, Asabar da safe, ranar sabis ce a gidanmu, a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da Baba ya kafa mata a tsakar gida. Bai taɓa yarda wani bakanike ya yi mata ba. Yayana, wanda shi kaɗai ne namiji a cikinmu, da ya ga Baba ya fito da tsohuwar tasa da jakar sifanoni sai ya tuna ana jiransa a filin ƙwallo. Ni ce nake zama a gindin rumfar da littafina, don a can ne Umma ba ta hango ni balle ta aike ni. Haka aikin ya same ni. Da farko, “Uwata, miƙo min tsumma,” don sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa kama sunana ba. Daga tsumma aka koma sifana, daga sifana aka koma riƙe mazurari. Wata rana ina tsakiyar shafin da saurayin ya durƙusa a gaban budurwar yana rantsuwa ba zai rayu ba sai da ita, Baba ya ce in kife littafin in zo in ga wani abu. Tun daga ranar ban ƙara zama 'yar kallo ba.

Sai ya fara tayar da ita ta yi ɗumi, don baƙin mai idan ya yi sanyi nauyi gare shi, ba ya fita duka. Sannan ya shimfiɗa kwali ya kwanta, ya tura tasar, ya kwance notin ƙasa. Man yakan zubo baƙi ƙirin kamar tawadar allo. Ranar farko na ce, “Baba, ai ya ƙone.”

Ya yi dariya daga ƙarƙashin motar. “Na motar gas ko jiya kika zuba, haka za ki gan shi. Ba da ido ake duba shi ba. Kawo yatsanki.”

Ya ɗiga min, ya ce in murza. Idan da santsi, da sauransa. Idan na ji ya tsinke, ko na ji kamar da yashi a ciki, ya gama aikinsa. Yakan bar shi ya tsiyaye har ɗigon ƙarshe, mu kuma a lokacin mu canza filtar baƙin man, wato matacin da yake tare dattin injin, ya shafa wa sabuwar robar mai da ɗan yatsa kafin ya rufe. Mu bubbuge filtar iska, mu leƙa ruwan lagireto, mu duba man burki da na giya. Idan ya zuba sabon mai ba ya yarda da abin da galan ya ce. Sai ya zaro geji ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga shi sama yana ƙura masa ido kamar mai duban wata.

Amma inda Baba yake rage murya shi ne wajen filtar gas. Guda biyu ne, ƙarama mai haske wadda ake hango man a cikinta, da babba mai kamar gwangwanin madara. Bai taɓa ɗaura babbar a bushe ba. Sai ya tace gas da wani tsohon ɗankwalin Umma, ya cika ta har baki, ya ɗaura ta a hankali kamar mai kai wa baƙo shayi. Bayan nan ya sassauta notin da yake samanta, ya kama hannuna ya kai shi can gefen injin, inda wani ɗan famfo yake mai farin kai kamar murfin kwalba.

“Murɗe shi, ki ja sama, ki danna. Ci gaba. Me kika gani a bakin notin?”

“Kumfa.”

“Iska ce. Motar fetur za ta haɗiye ta ta wuce. Wannan kuwa, ko kaɗan ta shiga mata hanyar mai, ki yini kina murza makulli ba za ta kula ki ba, batir kawai za ki kashe. Ki yi ta dannawa har kumfar ta ƙare, ki ga gas zalla yana fitowa. Sannan ki ɗaure.”

Na yi ta dannawa har babban yatsana ya yi ja. Da ta tashi bugu ɗaya sai Baba ya miƙo min tsumman da yake goge nasa hannun. A littattafaina da zobe ake nuna wa mace an yarda da ita. Ni tsumma aka ba ni, kuma ranar na kasa cin abincin rana don murna.

Na gama karatu ina koyarwa a wata makarantar yara a unguwarmu lokacin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma hannun dama ya tafi, magana kuma ta zame masa aiki. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita, ta fito a karkace, mu na gida ma sai mun kasa kunne sosai. Yaya ya karɓi tuƙi. Sabis ya zama nawa ni kaɗai. Mukan fitar wa Baba da kujera ya zauna da sandarsa, ni kuma in zura tsohon wandon Yaya in ɗaure kaina. Idan na yi daidai ya gyaɗa kai. Idan na yi gaggawa, ko na tsallake wani abu, ya buga sandar a ƙasa sau biyu.

Sayen kayan sabis ne ya kai ni kasuwar Gudu, layin masu kayan mota, da tsohuwar filta naɗe a leda cikin jakata, kusa da littafin da nake karantawa. Saurayin da na daɗe ina jira dogo ne, mai saje, mai sanyin murya, ba ya dariya sai murmushi. Wanda na tarar a shagon gajere ne, Bakatsine, da biro a bayan kunne, yana cin gyaɗa.

“Hajiya, bakaniken da ya aiko ki bai rubuto miki lambarta ba?”

“Ni ce bakaniken.”

Ya yi dariya har da buga kantar shagon, ya miƙo min wata daga gaban shagon. Na juya ta, na auna nauyinta a tafin hannu, na latsa robar da farce.

“Wannan ba ta da nauyi, robarta kuma ta bushe. Ka ajiye wa wanda zai rabu da motarsa gobe. Ni ka ba ni ta ƙwarai.”

Ya daina tauna gyaɗar. Ya shige can ciki, ya daɗe, ya fito da wata yana goge ta da hannun rigarsa. “Allah ya huci zuciyar injiniya. Waccan ita mutane suka fi nema, shi ya sa take gaba.”

Bayan wata uku na koma, na tarar ya ware min kayana a leda tun kafin in iso, ashe yana riƙe da lokacin sabis ɗinmu a ka. Bayan wasu ukun ya ce wai yana so ya zo ya ga motar da ake yi wa wannan gata. Ya zo, ya durƙusa ya gaida Baba, ya zagaya motar sau ɗaya don kunya, sauran lokacin duk ba ita yake kallo ba. Ban taɓa samun wasiƙa mai ƙamshi daga wajensa ba. Amma har yau idan na ga ledar filta an ƙulle bakinta da kyau, sai gabana ya faɗi irin faɗuwar nan da ake rubutawa a littafi.

Da aka sa rana, Baba ya kira ni da Yaya gindin rumfar. Ya daɗe yana haɗa maganar, har gumi ya tsatsafo masa a goshi. Ya nuna motar da sanda, ya nuna ni.

“Ita… ta kawo ki. Ita… za ta kai ki.”

Yaya ya sosa ƙeya. “Baba, abokan ango fa za su zo da manyan motoci. A ce amarya tana cikin wannan, hayaƙi yana bin mutane a baya? Ai sai a yi shekara ana yi da mu a unguwa.”

Baba ya sunkuya yana kallon hannunsa na dama da yake kwance a cinyarsa. Ba zan ɓoye ba, rabin zuciyata yana tare da Yaya. Shekaru nawa na yi ina ganin kaina a bayan baƙar mota mai duhun gilashi? Amma uba yakan zaunar da 'yarsa ranar da za ta bar gida ya yi mata nasiha, Baba kuwa ba shi da bakin yi. Ba zai iya riƙe sitiyari ba, ba zai iya tsayawa yana gaisawa da baƙi ba. Abin da ya rage masa ya yi min da kansa shi ne motar nan. Na ce, “A ita zan tafi, Baba.” Da na gaya wa angon, cewa ya yi ko a baro aka turo ni shi dai a kawo.

Sai lokacin sabis ya faɗo a makon bikin. Na tanadi komai, mai da filtoci, na yi niyyar yi ranar Laraba. Ranar Talata Gwaggo, ƙanwar Baba, ta sauka daga Zariya da ƙullin dilka da turaren wuta, ta kulle ni a ɗaki. Da na ambaci sabis ta riƙe haɓa. “Amarya a ƙarƙashin mota? Ba dai a gidan ɗan'uwana ba, ba kuma ina raye ba.” Na aika aka kira Yaya, na ce masa a bar motar yadda take, za ta kai gidan ango a Gudu ta dawo lafiya, bayan biki na zo na yi mata. Ya ce to.

Yaya ba mugu ba ne. Maganar da ya yi wa Baba ce take damunsa, yana neman hanyar gyarawa. Ranar Juma'a da yamma, Baba yana ciki da baƙi, ni kuma ina zaune hannu da ƙafa a miƙe mai lalle tana zana min fulawa, sai ya kira bakaniken da yake bakin layinmu. Mutumin Filato ne, mai kirki da fara'a, kuma a ƙananan motocin fetur babu wanda ya kama ƙafarsa a unguwar. Ya juye mai, ya canza filtoci duka, ya tayar da ita ta yi 'yar ƙara, ya kashe. Ni a ɗaki hayaniyar mata ba ta bar ni na ji ba. Yaya ya wanke ta, ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya ɗaura mata kintinkiri fari da ruwan hoda. Bai gaya wa kowa ba, so yake ya ba mu mamaki.

Asabar aka ɗaura aure a masallacin layinmu, da ƙafa aka je aka dawo. Bayan la'asar aka ce a fito da amarya, don kada magariba ta riske mu a hanya. Gwaggo ta kai ni gaban Baba na durƙusa. Ya ɗora hannunsa na hagu a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba. Sannan ya nuna a fitar masa da kujerarsa ƙofar gida, yana so ya ga tashinmu.

Aka sa ni a baya, Gwaggo a gefena, mayafi ya rufe ni har ƙirji. Kuka nake yi na gaske. Yaya ya murza makulli, ta tashi, mata suka ɗauki guɗa. Amma ko ta cikin kukan da guɗar na ji luguden bai daidaita ba, kamar ɗaya daga cikin masu dakan tana tsallake bugu. Muka fita daga get, muka wuce gida ɗaya, muka wuce na biyu. Sai ta yi tari, ta girgiza, ta yi shiru. Guɗar ma ta tsaya a tsakiya.

Yaya ya murza makulli. Ya sake murzawa. Ya kuma murzawa, ya daɗe yana riƙe da shi. Maza suka kewaye mu, kowa da nasa ilimin. Wani ya ce batir ne, wani ya ce a tura ta, aka ce masa ai ba mai kuloci ba ce, ba a tura ta. Ina jin yadda injin yake juyawa yana ƙara nauyi, batirin yana tafiya a banza.

Sai babban abokin ango ya matso da motarsa daidai tagarmu, ya fito cikin farar shadda, ya buɗe ƙofar baya. “A dawo da amarya nan kawai, lokaci yana tafiya.” Ta cikin mayafina na gan ta. Baƙa wuluk, mai duhun gilashi, sanyinta har yana taɓa min fuska ta tagar. Ita ce dai, wadda na yi ta gani tun ina 'yar shekara sha huɗu, ta zo ta tsaya taku biyu daga inda nake.

Gwaggo ta taɓa ni. “Tashi mu koma waccan. Dama ni tun farko ban ga dalilin wannan wahalar ba.”

An ce amarya ba ta waiwaye idan ta bar gidansu. Na waiwaya. Ta gilashin baya na hango Baba ya yunƙura ya rabu da kujerar rabi, bakinsa yana motsi, babu mai sauraronsa, kowa ya ba shi baya yana kallon motar. Ya jingina sandar a ƙafarsa, ya ɗaga hannun hagu, yana danna babban yatsansa ƙasa a cikin iska, yana ɗagawa, yana dannawa. Duk taron nan babu wanda ya san abin da yake faɗa sai ni.

“Yaya, cire hannunka daga makullin.”

Ya juyo a firgice, don tun safe ba a ji muryata ba.

“Wa ya taɓa filtar gas?”

A hankali ya ce, “Sabis na sa aka yi mata jiya. Don Baba ya ji daɗi.”

Na buɗe ƙofa. Gwaggo ta cafke min hannu. “Ke, kina da hankali kuwa? Amarya ba ta sauka a hanya. Ga dangin miji suna kallo.”

“Gwaggo, riƙe min awarwaron nan da zobban. Ki kama min gefen mayafin kuma, kada ya sha mai.”

Ban san me ta gani a fuskata ba, amma ta karɓa, ta biyo ni tana salati ƙasa-ƙasa. Yaya ya ɗaga bonet. Bakaniken ma yana wurin, da farantin shinkafar biki a hannunsa, yana yi wa Yaya bayani.

“Oga, motan nan ya tsufa ne kawai. Komai sabo na sa masa. Jiya ya tashi, kai ma ka gani.”

Na ce, “Malam, ka cika babbar filtar da gas kafin ka ɗaura?”

“Cika kuma? Ai zai ja da kansa, anti.”

“Wannan ba ta ja. Jiya da ragowar man da yake cikin tiyo ta tashi, shi ne ya kawo mu nan ya ƙare. Yaya, jakar Baba tana but, ɗauko min sifana mai lamba sha bakwai.”

Na sassauta notin. Na zura hannu gefen injin, na lalubo farin kan famfon, na murɗe, na ja, na danna. Babu nauyi ko kaɗan, iska kawai nake turawa. Na ci gaba. Layin ya yi tsit, in ban da wata daga cikin dangin ango da ta ce wa ta kusa da ita, “To, ɗanmu dai ya auro gareji har gida.” Aka yi dariya. Ban ɗago ba. Yatsana ya fara zafi, gumi yana gangarowa yana ɗaukar kwalliyar da aka ɓata awa biyu ana yi min, Gwaggo tana bayana riƙe da mayafi kamar mai riƙe da linzami. A raina ina cewa, idan ba iska ba ce fa? Idan wani abu ya lalata wanda ban sani ba? To na sauka a hanya, na yaye fuska a gaban dangin miji, kuma duk da haka Baba zai ga an ɗauke ni a motar wani.

Sai famfon ya fara nauyi a ƙarƙashin yatsana. Bakin notin ya yi tsaki, kumfa ta fito. Kumfa, kumfa, sai ka ce ba za ta ƙare ba. Daga nan ta fara raguwa, ta koma 'yan ƙanana, sai ga gas zalla ya ɓulɓulo, ya bi yatsuna, ya gangara cikin fulawar da mai lalle ta yini tana zanawa. Na ƙara dannawa sau uku saboda sandar Baba, sannan na ɗaure notin, na murɗe famfon ya zauna.

“Yaya, batirin saura ƙiris, ba mu da na wasa. Murɗa rabi ka jira fitilar hita ta mutu. Kada ka yi sauri. Ta mutu? To taka totur har ƙasa, ka murza, kada ka saki sai na ce.”

Injin ya juya da ƙyar, kamar tsoho yana tashi daga tabarma. Ya sake juyawa. Na ɗora tafina a gefen motar ina jin ta. Ta buga sau ɗaya, ta yi shiru, ta buga biyu, duk jikinta ya ɗauki rawa, sai salansa ya tofar da wani farin hayaƙi da ya lulluɓe mai farar shadda har ya ja da baya yana tari. Daga nan luguden ya daidaita, mata biyun nan suka kama dakansu kamar ba abin da ya faru.

Guɗar da aka yi a lokacin ta fi ta farko. Bakaniken ya ajiye farantinsa a ƙasa, ya leƙa inda hannuna ya fito. “Anti, bayan biki zan zo ki nuna min wannan famfon. Shekara nawa ina aikin nan, ban san yana wurin ba.”

Ni ba su nake kallo ba. Na tattara mayafina daga hannun Gwaggo, na taka na koma baya, gida biyun nan, har gaban kujerar Baba, na durƙusa. Ya koma ya zauna, idanunsa sun yi ja. Ya laluba aljihun babbar rigarsa da hannun hagu, ya zaro sabon farin hankicin da Umma ta sa masa don biki, ya miƙo min. Na goge hannuna da shi. Bakinsa ya fara motsi, mutanen da suke kusa suka yi shiru, kowa yana jiran albarkar da uba zai sa wa 'yarsa. Ya yi kokawa da kalmar har ta fito.

“Kar… a kashe ta. Batir.”

Dariya da kuka suka haɗe min lokaci ɗaya. Na ce, “Ba za a kashe ba, Baba, sai an dawo da ita gida.” Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar ranar sabis.

Mu ne a gaba har Gudu. Manyan motocin nan duka suka jeru a bayanmu, ta Nyanya, ta gefen Asokoro, suna tafiya da irin saurin da tsohuwar ta ga dama. Gwaggo ta zaro kwalbar turare daga jakarta ta yi ta zazzaga min a hannu, tana shinshinawa, tana ƙarawa, har kwalbar ta kusa ƙarewa. Gas bai gusa ba. Amma da muka isa, ina daga cikin ɗaki na jiyo ta a tsakar gida tana gaya wa matan gidan, “Maza sun fi ashirin a wurin, an rasa mai tayar da ita. 'Yar ɗan'uwana ce ta sauka da lallenta. Mu haka muke a gidanmu.”

Da jama'a suka ragu, angon ya shigo ya zauna a gefena. Labari ya riga ni isowa ta waya. A littafi a nan ne saurayi yake cewa ƙamshinki ya hana ni numfashi. Nawa ya kamo hannuna, ya kai hancinsa, ya ɗago da damuwa a fuskarsa.

“Ba dai filtar shagona ce ta ba ki kunya ba?”

“Filtarka lafiyarta ƙalau. A bushe aka ɗaura ta.”

Ya yi ajiyar zuciya, ya mayar da hannun wajen hancinsa, bai sake shi ba.

Bayan wata uku, Asabar da safe, na sauka a Jikwoyi da ledar kayana a ƙulle da kyau. Lallen ya tafi, saura ɗan ja a bakin farce. An riga an fitar wa Baba da kujerarsa gindin rumfar. Ina shimfiɗa kwali sai ga Yaya ya fito da tsohuwar tasa a hannu ɗaya, ɗankwalin Umma na tace gas a ɗayan, ya tsaya a kaina yana jiran in gaya masa inda zai ajiye. Shi ya cika filtar a ranar, shi ya danna famfon har yatsansa ya yi ja, ni ina tsaye ina tambayarsa me ya gani a bakin notin. Muka gama, ta tashi bugu ɗaya. Tun daga farko har ƙarshe sandar Baba tana kwance a cinyarsa.